Daga Rabah Zuwa Mumbai: Ɗakin Da Ake Awon Gudun Falazma

Mu mutanen Rabah, da an ce Indiya sai fim ko asibiti ya faɗo mana a rai. Da wannan tunanin na sauka Mumbai, har ranar da Allah Ya kai ni Cibiyar Bincike ta Tata da ke unguwar Kolaba, daf da bakin teku. Homi Bhabha ne ya kafa ta a 1945, saura shekara biyu Indiya ta samu 'yanci. Gani ya kori ji.

Kafin in shiga ɗakin leza, sai da aka rufe mini takalmi da leda, aka miƙo mini tabarau na kare ido. Ciki sanyi ƙalau, ba ƙura ko ɗis. Teburan ƙarfe ne shimfiɗe, an jera musu ƙananan madubai. Na tsaya ina kallon wata ɗaliba tana murza kusar madubi ɗaya a hankali, kamar mai zura zare a allura.

Ƙyallin lezar nan bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan goma na sakan ba. Amma da ya sauka a kan gilashi ko alminiyam, sai wurin ya ɗau zafin digiri miliyoyi, ya rikiɗe ya zama falazma, irin abin da ke cikin rana da walƙiyar damina. Kyamarar yau da kullum ba za ta iya bin motsinta ba. To yaya masu binciken suke yi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Sakkwato zuwa Goronyo ya san amsar. Motar da ta danno oda tana tahowa, muryarta siririya ce. Da ta wuce sai ta yi kauri. Christian Doppler ya bayyana wannan a 1842, kuma haske ma haka yake. Sai su biyo ƙyallin farko da na biyu mai rauni, ya doki falazmar ya dawo. In ta bunƙaso waje, launinsa ya karkata wajen shuɗi. In ta lotsa ciki, ya karkata wajen ja. Daga nan suke fitar da gudunta. Agogonsu kuwa madubi ne: a matsar da shi a ƙara wa hanyar hasken milimita 0.3, ya makara da kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan. A haka suke harhaɗa labarin motsin, harbi bayan harbi. Farfesa Ravindra Kumar, jagoran wannan bincike, ya karɓi kyautar Infosys a 2015.

Haƙurinsu ne ya fi burge ni. Indiya tana fama da talauci ta dasa wannan itace, yau jikoki ke shan inuwa. Irin hangen da Sardauna, ɗan garinmu, ya yi ke nan da ya kafa jami'a a Zariya a 1962.

Malaman kimiyya na Rabah da Wurno da Goronyo, ku fito da yaran nan bakin titi, su saurari odar mota, ku faɗa musu abin da ake aunawa da ita.