Daga Zakka Zuwa Zobe: Fatsa a Cikin Ciyawa

A Zakka kifi ɗan damina ne. Ruwa na sauka, ƙoramu su kawo, kududdufai su cika, sai ka ga yara tsugune a bakin tafki da karan dawa da zaren roba suna dakon tarwaɗa. Kafin a gama kai gero rumbu ruwan ya fara ja. Zuwa tsakiyar rani ba abin da ya rage sai rairayi da busasshen laka, sai kuwa gaiwa da ta binne kanta a ƙarƙashin lakar tana shaƙar iska ta ɗan rami har damina ta zagayo. Daga nan mai son kifi sai dai banda a kasuwa. Wanda ke son ganin su na gaske, irin wanda ake yi rani da damina, dole ya nufi Dam ɗin Zobe a ƙasar Dutsin-Ma.

Na tashi da kaka, an girbe gero, dawa na tsaye ta sunkuyar da kai. Babur ya kai ni Safana, mota ta kai ni Dutsin-Ma. Hanyar ba ta da nisa, amma mutanen yankin nan ba su auna tafiya da nisa kaɗai. Dajin Rugu na kusa, kuma shekarun da 'yan bindiga suka yi suna addabar Safana da Batsari sun koya wa kowa fita da hantsi da dawowa kafin rana ta faɗi. Ba wanda ya manta da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari da Dutsin-Ma. Wannan ya shafi masunta kai tsaye, domin tarwaɗa da dare take kiwo, mutum kuma ba ya kwana kan ruwa sai hankalinsa na kwance.

Zobe na kudu da garin Dutsin-Ma, inda aka datse kogin Karaduwa. A 1983 aka gama ginin, zamanin Shehu Shagari: tarin ƙasa mai tsayin mita 19, tsawonsa ya haura kilomita biyu da rabi. Don noman rani da ruwan sha aka yi shi, amma ya shafe shekaru masu yawa ruwan na kwance ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba, sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha da ake ja daga cikinsa. A duk tsawon wannan jira, masunta na ƙauyukan bakin ruwa irin su Makera da Garhi ba su jira kowa ba.

Washegari da sassafe, wani dattijo ne ya yarda ya ɗauke ni a kwale-kwalensa. Ya ce su gado ne a gidansu. Na zaci tsakiyar ruwa za mu nufa, inda na hango wasu na jefa birgi, sai ya karkata hanci zuwa wani lungu inda ruwa ya shiga tsakanin gonaki ya haɗiye ciyawa. Bado ya shimfiɗa ganye, kainuwa na yawo, can gefe kututturan itatuwan da ruwa ya ci sun leƙo.

"Baba, nan ai ƙugiya maƙalewa za ta yi," na ce.

"Malam, inda ƙugiya ke maƙalewa nan kifin yake," ya amsa, ya aje filafili ya ɗauki sandar turi.

Daga nan bai ƙara barin komai ya bugi jikin jirgin ba. Ƙara na tafiya cikin ruwa fiye da yadda take tafiya a iska, kuma a ruwan da bai wuce ƙugu ba, gwangwani ɗaya ya faɗi cikin jirgi ya isa ya watsa kifin lungu. Ya riƙa turawa a hankali yana duban abubuwan da ni ban san ana duba ba: inda ciyawa ta ƙare ruwa ya buɗe, 'yar ƙofa tsakanin ganyen bado wadda ba ta fi faifai ba, kumfa mai tasowa a jere, karan ciyawa ɗaya na kaɗawa alhali babu iska. Sai kuma wani ɗan sauti, ɓul, a saman ruwa. Ya nuna da haɓa. Tarwaɗa ce ta taso ta haɗiyi iska. Bayan sarƙar numfashinta tana da wata halitta mai rassa da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take zama a ruwan da sauran kifi ba su iya jurewa. Ciyawar ruwa da rana tana zuba iskar numfashi a cikin ruwa, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, don haka da asuba ruwan lungu ya fi kowane lokaci ƙarancin iska. Karfasa kan taso sama tana haki. Tarwaɗa ko a jikinta.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Doguwar gora, zaren roba mai kauri wanda bai kai tsawon gorar ba, 'yar dalma, ƙugiya ɗaya, da guntun tsohuwar silifa a matsayin alama. Da can totuwar kara ake ɗaurawa, amma tana jiƙa ta nutse, silifa kuwa ba ta shan ruwa. Gajartar zaren da gangan ce. A cikin ciyawa ba a wurgi, ba a kuma ja a kwance. Sai dai a miƙa gorar, a sauke koto tsaye cikin ƙofar, in kifi ya kama a ɗaga shi tsaye kafin ya sami damar nannaɗe zaren a jikin saiwa. Kaurin zaren ma dalilinsa ke nan: a fili siririn zare ya fi yaudara, amma a nan ana buƙatar wanda zai yanki ganyen bado bai tsinke ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya sa tana. Ya zura ta ta bi lanƙwasar ƙugiyar, sannan ya mayar da tsinin ya ɓoye shi cikin naman tanar, ya bar jela na motsi. Ƙugiyar da tsininta ke ɓoye tana ratsa ciyawa ta fito ba ta ɗauko ko zare ɗaya ba. Sai kifi ya danna da baki tsinin ke fitowa.

Kowane kifi da irin cinsa, kuma guntun silifar nan shi ke faɗa. In ya riƙa rawa a wuri ɗaya, karfasa ce ke tsattsaga, ba a gaggawa. In ya yi 'yar tafiya gefe ya tsaya, yawanci ƙurungu ne, gwanin sace koto. In ya nutse gaba ɗaya ya nufi gindin ciyawa, tarwaɗa ce, kuma ba a jira ko ƙiftawar ido. Ƙurungun farko da ya fito yana ta gurnani, ya baje ƙayoyinsa uku ya kulle su, dattijon ya karya su kafin ya jefa shi ƙasan jirgi, domin wanda ya taɓa taka su da ƙafa ba ya so a ƙara.

Koto kuwa da kalandarsa. Farkon damina shinge, lokacin da yake fitowa bayan ruwa. Da kaka fāra, ga ta nan a kowace gona. Tana a kowane lokaci in ƙasa na da danshi. Don manyan tarwaɗa akwai hanjin kaza da ƙaramin kwaɗo, ga kuma sabulu, wanda ake yankawa ƙanana a sa wa jerin ƙugiyoyin da za su kwana a ruwa, saboda ƙananan kifi ba su damu da shi ba, kuma ƙamshin man da ke cikinsa na bin ruwa. Karfasa ba mai farauta ba ce, ita dusa ake wa, ko a cikin tarkon gura ko a watsa a wuri ɗaya kwana da kwanaki har ta saba.

Wanda ya san yadda ake kamun kifi a Amurka zai gane wannan ilimin nan take. Can akwai wani kifi mai faɗin baki da suke kira bas, wanda shi ma a gindin ciyawa da kututture yake laɓewa ya yi kwanton ɓauna, kuma a kansa aka gina kasuwa mai girman gaske, da gasa, da jiragen ruwa na musamman. A 1949 wani mutumin Ohayo mai suna Nick Creme ya fara narka roba yana zuba tanar ƙarya. Daga baya masunta a Jihar Teksas suka yi suna da wata hanyar ɗaura ta: a sa dalma mai tsini a gaba, a mayar da bakin ƙugiya cikin jikin robar don kada ta kama ciyawa. Wato daidai abin da na gani a hannun dattijon Zobe. Suna da kwaɗon roba mai ƙugiya biyu manne da bayansa, wanda ake ja a kan ganyen bado. Tun kafin nan, a 1936, wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace ya lulluɓe shi da takardar azurfa, ya gyara shi har ya riƙa tangaɗi kamar kifi mai rauni, kuma sunansa na kan irin waɗannan kaya har yau. Bas mafi girma da aka rubuta, wanda George Perry ya kama a Jojiya a 1932, ɗan sama da kilo 10 ne, sai a 2009 wani ɗan Japan ya kamo kwatankwacinsa a tafkin Biwa. Giwan ruwa na Kainji da Argungu na ninka wannan nesa ba kusa ba.

Ban ga dalilin da masuncin Zobe zai kashe kuɗi kan waɗannan kaya ba. Bas da ido yake farauta, shi ya sa launi da ƙyalli ke yaudararsa. Ruwan Karaduwa da damina ja ne da laka, tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa kuwa da gashin baki da ƙamshi suke neman abinci, roba ba ta gaya musu komai. Inda kifin ƙarya ke aiki a nahiyar nan shi ne kan giwan ruwa da tsage, a manyan ruwaye irin tafkin Nasir na Masar, inda baƙi ke biyan kuɗi masu yawa su je kamu. Abin da ya cancanci a aro daga can ɗaya ne: al'adar mayar da kifi ruwa in ba a buƙatarsa, wadda masu shirya gasar bas suka ɗauka tun farkon shekarun 1970. Su don wasa suke yi. A nan maganar abincin baɗi ce.

Domin lungun ciyawa ba wurin farauta kaɗai ba ne, nan ne ɗakin haihuwa. Tarwaɗa cikin ciyawar da sabon ruwa ya rufe take zuba ƙwai. Namijin karfasa kan share ɗan gurbi a ƙasan ruwa marar zurfi, macen ta kwashe ƙwan a bakinta, ta daina cin abinci har 'ya'yan su ƙyanƙyashe, sannan su shige ciyawa su ɓuya. Ragar kalli ba ta kafuwa a nan, birgi ba ya rufewa a kan ciyawa, don haka tun fil azal ciyawar ce ke kare su. Mai fatsa ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, kuma girman ƙugiyarsa kan tace ƙanana. Ɓarnar na zuwa ne daga gidan sauro. A hanyarmu ta fitowa mun wuce wasu samari sun ɗinke biyu suna ja a bakin ciyawa, abin da suka zuba a kwano bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Dattijon ya tsaya ya yi musu magana, ba da faɗa ba, ya kira su 'ya'yansa, ya ce su bar wannan gefen ko da zuwa hunturu ne. Suka ce to, Baba. Ban ga sun naɗe ba. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ƙananan ido, amma yaron da gonar gidansu ke bakin daji ba a iya zuwa nomawa, ba doka yake tunani ba in ya ga ruwa. Ina jin zafin abin da suke yi, ina kuma ganin abin da ya kawo su. Maganar Sarkin Ruwa da dattawan masunta ta fi takarda tasiri a nan, in har za a ba su goyon baya su keɓe lungunan haihuwa daga farkon damina zuwa kaka.

Ciyawar ma in ta yi yawa masifa ce. Mutanen Hadeja da Nguru sun gani: bayan an datse ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992, kogin ya daina bushewa da rani yadda ya saba, kacalla ta mamaye hanyoyin ruwa ta toshe su, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan baki masu cin shinkafa. Bado da kainuwa suna barin ƙofa. Kacalla ba ta bari. Akwai kuma tsargiya, wadda ƙananan katantanwa masu manne wa ciyawa ke ɗauke da ƙwayarta. Shi ya sa dattijon ya hana ni sauka in tura jirgin lokacin da muka kafe a laka, ya ce wanda bai saba ba ya zauna a ciki. Gaskiyar ita ce wanda ya saba ma tana kama shi, kuma maganinta ƙwaya ce da ake samu a asibiti.

Da hantsi ya yi muka fito gaɓa. Mata masu suya na jira da robobi, ana ciniki da ido ba da sikeli ba. Manyan tarwaɗa aka ware a bahon ruwa da ransu, domin mai rai ta fi daraja a Dutsin-Ma, inda take gogayya da ta kiwo wadda ake ciyarwa a tankuna. Ƙurungu da karfasa suka tafi kasko.

Dattijon ya ce saura 'yan makonni wannan lungun ya tashi daga aiki. Ruwa zai ja ya bar ciyawar a tudu, masu lambu su bi danshin da tumatir da albasa, hunturu ya sanyaya ruwan, karfasa ta rage ci. Lokacin zai jingine gorar, ya koma kan tsohuwar hanyar kogin a tsakiya, inda zurfi yake, ya shimfiɗa dogon zare mai ƙugiyoyi da kawara a matsayin koto, don ragon ruwa.