Jirgi kan makara, lokacin shan magani ba ya makara

Hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, na kuma san a gidaje da dama an fara shawarar inda za a kai yara su buɗe ido. Tun da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a watan Yulin 2016, iyalai da yawa sun mayar da shigarsa rabin yawon. Yaro ya samu kujerar bakin taga, yana kallon duwatsu da gonaki da garken shanu suna wucewa, ya dawo makaranta da labarin da zai yi wata guda yana bayarwa. Wasu ba sa tsayawa a Kaduna, sai su zarce kudancin jihar, su yi kwana uku ko huɗu tsakanin Kwoi da Kafanchan da Kagoro. Da ku nake son magana yau, musamman idan a cikin tawagar akwai mai shan magani kullum.

Ba zan hana ku tafiyar ba, domin yanki ne da na sani tun ina ƙarama. Kakana ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya raya. Tun wajen 1927 layin da ya taso daga Fatakwal yake rabuwa biyu a nan, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tudu zuwa Jos, kuma daga wannan reshen ne aka ja layi har Maiduguri a 1964. Tsofaffin gidajen reluwe da tashar kanta abin nuna wa yara ne. Kwoi kuwa ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba, ƙasar al'ummar Ham, inda in kun zo lokacin girbi ƙamshin citta da aka shanya zai tarbe ku tun daga bakin hanya. Kusa da ita ƙauyen Nok yake, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, aikin hannun mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ga ruwan Matsirga da ke zubowa daga kan dutse a kusa da Kafanchan, ga tsaunin Kagoro, inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairun kowace shekara.

Sai dai ku sani tafiyar ta abin hawa biyu ce. Sabon layin yana tashi daga Idu, ya bi ta Kubwa, ya ƙare a Rigasa, tsawon kilomita 186. Daga nan mota ce za ta kai ku kudu. Tsohon siririn layin da ya ratsa Kafanchan kuwa, kada ku ɗora shirinku a kansa sai kun je tasha kun tambaya da bakinku. Shi ma sabon yana da tarihinsa. Bayan harin ranar 28 ga Maris 2022, bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba na shekarar. A watan Agustan 2025 jirgi ya sauka daga kan layi a hanyarsa ta zuwa Kaduna, aka dakatar da zirga-zirga na makonni. Ko babu irin wannan babban lamari, inji kan samu matsala, motar haya kan ƙi cika, taya kan fashe a inda babu faci. Na kawo waɗannan ne don ku gane cewa kwanakin da kuka rubuta a takarda tsammani ne kawai, kuma jikin mai ciwon sukari ko hawan jini bai san da tsammani ba.

Don haka shawarata ta farko a kan lissafi take. Idan tafiyar kwana huɗu ce, ku ɗauki maganin kwana takwas, ko ma goma. A kantin magani na ga abin da rashin wannan ke jawowa. Wata baiwar Allah ta taɓa shigowa da maigidanta, ya riƙe kai, idanu sun yi ja. Ta ƙirga masa ƙwayoyin hawan jini na kwana huɗu cif a ƙullin leda, don kada kaya su yi yawa. Motarsu ta lalace a hanyar dawowa, suka ƙara kwana biyu a ƙauye. Ta nemi kemis, aka tambaye ta sunan maganin, ta ce ƙarami ne fari. Magani ƙarami fari kuwa ya fi ɗari. Mai kemis ɗin ya ƙi yin canke, kuma ya kyauta. Da na auna jinin mutumin, asibiti na tura su kai tsaye.

Darasin biyu ne. Ku tafi da magani a cikin kwalinsa ko takardarsa mai ɗauke da suna da ƙarfinsa. Sannan ku rubuta sunan kowanne, da yawan da ake sha, da lokacin shan, a takarda guda, ku ɗauki hotonta a waya, ku tura wa wani na gida. Wayar na iya mutuwa, shi ya sa takardar ta zama dole. Kuma maganin ya zauna a jakar hannu, a kan cinya. Akwatin da aka cusa a but ko aka ɗaure a saman mota, ba za ku iya kaiwa gare shi ba lokacin da kuke buƙata, ga rana tana dukansa. Idan ku biyu ne manya, ku raba shi gida biyu, ko da jaka ɗaya ta ɓata.

Akwai magungunan da tsallake su ya fi na sauran haɗari. Mai farfaɗiya da ya rasa Carbamazepine ko Phenobarbitone na kwana ɗaya ko biyu, ciwon na iya tashi masa a tsakiyar tasha. Mai shan Atenolol ko Propranolol, tsayar da su farat ɗaya na iya sa zuciya ta riƙa gudu, jini ya hau. Masu shan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka, tsallake-tsallake ne ke koya wa ƙwayar cutar bijirewa. Ku sa ƙararrawa a waya, domin hayaniyar tafiya tana rushe al'adar gida, kamar ta shan magani bayan karin kumallo. Idan aka manta har lokacin na gaba ya kusa, kada a haɗa biyu a sha don ramuwa.

Masu ciwon sukari, a kanku na fi damuwa, domin jinkiri yana taɓa ku ta fuska biyu. Ta farko abinci. Mutum ya sha Glibenclamide ko ya yi allurar insulin da asuba, da niyyar zai karya in an isa Kaduna. Jirgi ya tsaya a daji, sa'a biyu ta zama biyar. Maganin yana ta aikinsa, ciki babu komai, sai sukari ya faɗi. Alamunsa rawar jiki, gumi, jiri, bugun zuciya, wani lokaci mutum ya riƙa magana kamar wanda ya sha wani abu. A ba shi cokalin shayi uku na sukari a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai sukari, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan ya ci abinci mai riƙe ciki. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a nemi asibiti. Saboda haka dabino da gyaɗa da biskit da sukari su zauna a jaka ɗaya da maganin, kuma a gaya wa yara wannan ba nasu ba ne.

Fuska ta biyu zafi. Insulin da ba a buɗe ba wurinsa firiji ne. Wanda aka fara amfani da shi yana iya yin kusan mako huɗu a waje, muddin ba a bar shi a rana ko cikin mota mai zafi ba. A tafiya, a naɗe shi a ƙyalle a sa a ƙaramar kula ko fulas, ƙanƙara a gefe, kada ta taɓa kwalbar, domin insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke. In kun sauka inda babu wuta, a ɗaure shi a leda a ajiye a gindin randa ko cikin jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Wanda asalinsa garai yake kamar ruwa, in ya yi gajimare ko gudaji, a daina amfani da shi. Ku ɗauki sirinji fiye da lissafi, da na'urar gwaji da tsinkenta.

'Yan'uwana mata, na san dabararmu. Ranar tafiya mukan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matsa mana a hanya. Tafiyar sa'a biyu za ta iya ɗaukar wannan, ta yini guda ba za ta ɗauka ba. Mai juna biyu da mai shayarwa da tsohuwa su ne farkon galabaita. Taragon jirgi yana da makewayi, ku sha ruwanku, ku riƙa tashi kuna ɗan takawa, domin dogon zama na kumbura ƙafa, yana kuma iya kawo daskarewar jini a jijiya, musamman ga mai ciki. Mai shan maganin sa fitsari irin su Furosemide ya tambayi likitansa ko zai iya jinkirta shi ranar tafiya har a sauka, maimakon ya yanke wa kansa hukuncin barinsa.

Ƙarshen shekara lokacin hunturu ne. Ƙurar hanya na tayar da asma, don haka abin shaƙa ya kasance a aljihu, a kuma duba bai kusa ƙarewa ba. Yaro mai sikila, sanyi da ƙishirwa ne manyan maƙiyansa. Na'urar sanyaya tarago tana da ƙarfi, daren gindin tsaunin Kagoro ma da sanyi, feshin ruwan Matsirga kuma zai ja shi ya shiga. A tanadar masa rigar sanyi da safa da gorar ruwansa, da maganin ciwon da likitansa ya rubuta masa.

Ga sauran yara, guzurin ba shi da yawa. Paracetamol na ruwa da abin awonsa, garin ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa. Ƙullin ORS na lita ɗaya a ruwa mai tsabta lita ɗaya ake dama shi, abin da ya rage bayan sa'a 24 a zubar. Ku tafi da gidan sauro. In zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya, akwai babban asibiti a Kwoi, akwai a Kafanchan. Abu ɗaya nake roƙonku: kada ku ba yaro maganin tari ko na mura don ya yi barci ya bar ku ku huta a jirgi. Jaririn da aka kwantar da magani ba ya tashi neman nono, numfashinsa ma na iya raunana. Mai amai a mota ya zauna gaba, ya ci abu kaɗan, kuma ɗan shayin citta na kwantar wa wasu da zuciya. A Kwoi dai ba za ku neme ta ku rasa ba.

Tsarin kwanakin shi ma magani ne. Ku shiga jirgin safe, ku kwana a Kaduna, kada ku haɗa jirgi da doguwar hanyar mota a yini ɗaya. Washegari ku kama hanyar Kachia da sassafe, ku isa Kwoi da rana tsaka. Kwana ɗaya ya ishi Kwoi da Nok, wani kuma Kafanchan da Matsirga da Kagoro. Ku tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki kafin ku tashi, kuma kada magariba ta same ku a titi. A ƙarshe ku bar kwana ɗaya babu komai a cikinsa, ku dawo Kaduna ku kwana kafin ranar jirgin komawa. Ku yanki tikiti da wuri ta intanet, lambar NIN tana hannu. Ranar ganin likita, ko awon ciki, ko wankin ƙoda, kada ta faɗo washegarin dawowarku. In jirgi ya makara, asararku ta tsaya a kuɗin masauki.

Mako guda kafin tafiya, ku tattaro duk magungunan gidan a leda ku kai wa mai harhaɗa magani na unguwarku. Minti goma sun isa mu duba wanda ya kusa lalacewa, wanda ba ya son zafi, da wanda sai da abinci ake sha. In akwai wanda sai da takardar likita ake sayarwa, kuna da sauran lokacin komawa asibiti a ƙara muku. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa.