Kwalba Kusa Da Burodi

Da muka ziyarci 'yan'uwa masu bi a jihar Pensilbaniya ta Amurka, suka kai mu wani babban kantin abinci. Can gefe guda muka ga an jera kwalaben ruwan inabi. Ashe a da ba haka ba ne. Tun 1933, zamanin Gwamna Pinchot, mai son kwalba sai ya nemi shagon gwamnati. A 2016 ne doka ta yarje wa kantuna masu lasisi, amma kada saye ɗaya ya wuce lita 3.

Uwargidan da ta sauke mu ta damu ƙwarai, gama tare da 'ya'yanta take zuwa cefane. Iyaye, dokar ƙasa takan canja. Tarbiyyar gida fa, wa zai yi mana ita?