Tsohon Allo Da Sabuwar Kwamfuta

A cikin shekarar 1987 ne kamfanin IBM na Amurka ya fito da kafar nan mai ramuka 15 da ake kira VGA, wadda aka saba gani da shuɗin kai. Ta yi zamaninta tana haɗa kwamfuta da allo, har a watan Disamba na 2010 Intel da AMD da waɗansu manyan kamfanoni suka ba da sanarwar za su yi ban kwana da ita. Maƙera sun juya mata baya, amma allunan ba su mutu ba, suna nan birjik a ofisoshi da shagunan buga takardu.

Wani malami mai ritaya, wanda ke buga wa ɗalibai takardu domin fansho ba ya kai shi ƙarshen wata, ya gamu da wannan matsala sa'ad da ɗansa ya sayo masa sabuwar laftof. Idonsa ya yi rauni, ƙaramin allon laftof ba ya wadatar da shi, ga shi kuwa babu inda zai soka wayar tsohon allonsa. Ya sayi wata waya mai araha, kai ɗaya HDMI ɗaya VGA, ya haɗa, allo ya yi baƙi ƙirin. Nan take aka ce masa allon ya mutu, ya nemi kuɗin sabo.

Alhali kuwa lafiyarsa lau. VGA tana aika hoto ne ta hanyar hawa da saukar ƙarfin lantarki, ita kuwa HDMI da lambobi take aikawa, saboda haka tilas a sami abin da zai juya wannan zuwa wancan. Wayar da babu komai cikinta sai jan ƙarfe ba ta iya wannan aiki, kuma mai sayar da ita ba tare da bayani ba ya ci amanar mai saye. Abin nema shi ne ƙaramar na'urar juyi mai ƙwaƙwalwa a ciki, a kuma lura da alkiblarta, gama wadda aka ƙera daga VGA zuwa HDMI ba ta komawa da baya. Waɗansu ma sai an ƙara musu wuta ta USB, domin wadda HDMI ke bayarwa kaɗan ce. Haka nan ba kowace kafar USB-C ke fitar da hoto ba, ko da kamanninsu ɗaya.

Ko da malamin ya sami na'urar ƙwarai, sai da ya danna maɓallin Windows tare da P ya zaɓi allo na biyu, sa'an nan ya rage girman hoto zuwa 1024 da 768, kafin rubutu ya bayyana. Ya bayyana da shuɗi-shuɗi, ashe allurar farko a kan wayar, wadda ke ɗauke da jan launi, ita ce ta lanƙwashe. Ya miƙe ta a hankali da ɗan hantsaki. Murya kam VGA ba ta taɓa ɗaukarta ba, sai dai ya saurara daga lasifikar laftof ɗin.