Siniyan da ya hana ɗanmu gudowa gida



Shekara huɗu da suka wuce ɗan yayata ya samu gurbi a makarantar horas da hafsoshin soji ta NDA da ke Kaduna. Mun yi murna a unguwa kamar an riga an maƙala masa anini. Amma hutun farko da ya zo Jos, ya rame ya yi baƙi, ya same ni a zaure ya ce, "Kawu, saura ƙiris na gudo."

Na tambaye shi abin da ya hana shi. Ya ce wani siniya ne a bataliyarsu, ɗan Langtang. Shi ya lura yaron yana ɗingishi yana ɓoyewa don kada a ce rago ne. Ya sa shi cire takalmi, ya ga ƙafar ta ɗaye, ya tura shi asibiti. Daga baya ya koya masa haɗa kayan fareti tun da dare, da yadda zai saci lokacin karatu. Kada ku ɗauka lallaɓa shi ya yi: ranar da ya makara sai da ya sha tsallen kwaɗo a hannunsa. Sai dai bayan gwale-gwalen yakan faɗa masa laifinsa da yadda zai gyara.

Tun 1964 NDA ke horas da hafsoshi. Ɗalibin da ke shirin zama hafsan sojan ƙasa yakan yi shekara biyar, a ɗaya daga bataliyoyi huɗu: Mogadishu, Abyssinia, Dalet da Burma. Malamai suna koyarwa su tashi. Daga nan zuwa asuba sabon shiga yana hannun waɗanda suka riga shi da shekara biyu ko uku, kuma a nan ake fara gane irin kwamandan da mutum zai zama.

Maganar ta taɓa ni ne don ni ma na yi makarantar kwana. Siniyoyinmu sun cinye mana gari da sukari, sun sa mu ɗibar ruwa cikin sanyin Disamba. Da muka kai aji shida muka rama a kan yaran da ba su yi mana komai ba. Har yau akwai wanda in na haɗu da shi a Taminus nake sunkuyar da kai.

Yanzu ɗan namu shi ne siniya. In Allah ya yarda zai hau duwatsun Shere a atisayen Camp Highland da ake yi wa 'yan shekarar ƙarshe, nan bayan garinmu. Da ya zo hutun da ya wuce ban tambaye shi sakamakon jarrabawa ba. Cewa na yi, "Cikin ƙananan da ke ƙarƙashinka, wa ke ɗingishi?"

Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani yaro ɗan Bayelsa da bai cika cin abinci ba, kuma bai taɓa tambayarsa dalili ba. Na ce in ya koma ya fara da shi.