Anzar da na tone a fakon Keita

Shekarar da aka raba gadon mahaifinmu, rabona ya faɗa kan wani fako kusa da Keita, jar ƙasa mai tsakuwa, ba kome a kanta sai anza da sabara da ƴan dakwara. Na raina su. Na sa aka tone, na sauka Madawa na sayo dashen mangwaro, irin wanda na gani yana sheƙi a lambunan albasa na kwarin Tarka.

Kawuna ya same ni ina haƙa ramuka. Yana cikin waɗanda suka yi aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya. Ya tsinko ganyen anza daga tarin da na zubar, ya sa mini a tafi.

"Murza ka ji, ɗana."

Kauri gare shi kamar fata. Na ce, "Kawu, ai ba a kai anza kasuwa." Bai ƙara magana ba. Ni na ƙi ji, ba wanda ya yaudare ni.

Sai daga baya na gane abin da ya nuna mini. Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan itace ke shaƙar iska, ta nan kuma ruwansa ke tsiyayewa. Anza ta kauranta ganyenta, shi ya sa take kore har tsakar bazara. Sabara ta lulluɓe nata da gashi mai launin toka. Dakwara kuwa ganyenta mitsi-mitsi ne, da rani ta kakkaɓe shi ta zauna da ƙayarta. Mangwaro yana shimfiɗa ganye fal saboda a fadama saiwarsa na cikin laima, ni kuma na ɗora shi bisa marmara.

Wata biyar ina jigilar jarkoki a amalanke. Da Afrilu ya kama, bakin ganyen ya ƙone ya nannaɗe, ko ɗaya bai ga damina ba. Ruwan farko ya kwashe ƴar ƙasar da saiwoyin itatuwan da na tone ke riƙe da ita.

Yanzu ramuka masu siffar rabin wata nake haƙawa a wurin, kuma wasu kututturan sabara sun toho. Anzar ba ta dawo ba. Matar kawu ce ta faɗa mini cewa a yunwar 2005, daga wannan fakon ta riƙa tsinko ƴaƴanta, tana jiƙawa kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, ta dafa mana dilo.