Wuya Nai Bai Sanƙare Ba

A watan Maris na shekarar 2009, lokacin da ƙurar hunturu ba ta gama sauka ba a kwarin Dallol Bosso kuma zafin bazara ya fara shigowa, autanmu yana da wata tara a duniya. Ni kuwa ina da shekara goma sha biyu, ina zuwa makaranta a ƙauyenmu da ke ƙasar Kurfai, tafiyar yini a amalanken jaki zuwa Filinge. Wata safiya jikin yaron ya yi zafi, ya ƙi kama nono, yana wani kuka mai tsini wanda ban taɓa ji ba. Kakarmu ta duba bakinsa ta ce haƙora ne. Da wata maƙwabciya ta ambaci cutar da ake ta magana a kanta a rediyo, sai Inna ta tallabo kansa, ta juya shi dama da hagu, ta ce: "Wuya nai bai sanƙare ba." Da wannan magana aka kwana biyu ana jiƙa saiwoyi. A rana ta uku, da jijjiga ta kama shi, aka ɗauke shi zuwa likita. Ya rayu, amma tun daga ranar bai sake jin sauti ba.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin labarin talauci da nisan asibiti, kuma haka yake. Sai da na zauna a ajin ginin kalma na gane cewa harshe ma yana da hannu a ciki. Kalmar sanƙarau ta fito ne daga aikatau sanƙare, da ɗafin -au irin wanda muke gani a mantau da gagarau. Ke nan sunan ya ɗauki alama guda daga cikin alamomin cutar, wato ƙagewar wuya, ya mayar da ita cutar gaba ɗaya. Ga babban yaro ko baligi, sunan ya dace. Ga jariri kuwa, likitocin yara sun tabbatar cewa sau da yawa wuyan ba ya sanƙarewa. Abin da ake gani shi ne zafin jiki, da ƙin nono, da yawan barci ko kuka marar daɗi, da kumburin maɗiga. Inna ba ta yi sakaci ba. Ta auna ɗanta da ma'aunin da harshenta ya ba ta, ma'aunin ya ce mata ba ita ba ce.

Shekarar 2009 ta yi muni a Nijar da arewacin Najeriya, amma ba ita ce mafi muni ba. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da likitan nan Bafaranshe Lapeyssonnie ya zayyana a 1963, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi da rani ta kwanta da faɗuwar ruwan farko. A annobar 1996 zuwa 1997, mutane sama da 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu. Tsohuwar allurar da ake da ita ba ta aiki sosai ga yaran da ba su kai shekara biyu ba, kariyarta ba ta daɗewa, kuma galibi sai annoba ta ɓarke ake kawo ta. Saboda haka a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa wani shiri na samar da sabuwar allura. Dabarar ita ce a ɗaure sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar cutar a jikin wani furotin, domin garkuwar jikin ƙaramin yaro ta gane shi ta kuma riƙe shi. Kamfanin Serum Institute of India ya sarrafa ta a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura, aka gwada ta a Indiya, sannan a kan ƙananan yara a Mali da Gambiya. Sunanta MenAfriVac.

Abin da yawancin 'yan'uwana ɗalibai ba su sani ba shi ne, a duk faɗin Nijar, a gundumar Filinge aka fara ba da wannan allura, a watan Satumba na 2010, ga duk mai shekara 1 zuwa 29, kafin a faɗaɗa aikin zuwa sauran jihar Tilaberi da Yamai a watan Disamba. Ina cikin waɗanda suka yi layi a gindin bishiya a wannan wata, ina riƙe da hannun Auta. An yi masa allurar bayan shekara ɗaya da rabi da rasa jinsa. Ɗaya daga cikin manufofin wannan zagaye na farko shi ne a sa ido a ga ko allurar za ta haifar da wata illa kafin a kai ta ga miliyoyin mutane. To, da wane baki yaro ɗan shekara ɗaya zai ba da rahoto? Da bakin uwarsa. Ita za ta ce "jiki nai da zahi," ko "masassara ta kama shi," ko "ya yi laushi." Wata za ta faɗa da Zabarmanci, wata da Buzanci ko Fulatanci, domin duk ana jin su a kasuwannin yankin. Ma'aikacin lafiya kuma ya zaɓi kalmar Faransanci guda ya rubuta a takarda. A wannan 'yar tazara tsakanin bakin uwa da alƙalamin ma'aikaci, an yi fassara, kuma a kan irin wannan fassara ake gina alƙaluman da masana ke karantawa a Janeba. Zahi a bakin Bakurfaye, alal misali, yana iya nufin ɗumin fata, yana kuma iya nufin wani ciwo da ake jin yana zaune a cikin ciki. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka shirya a 1999 kan sunayen cututtuka a bakin jama'ar Afirka ta Yamma ya nuna yadda irin waɗannan sunaye ba sa hawa daidai kan rabe-raben likitoci.

Allurar ta yi aiki. A ƙasashen da aka yi ta, nau'in A na ƙwayar cutar, wanda shi ne ke haddasa manyan annobai, ya kusan ɓacewa. Amma a 2015 wani nau'in, C, ya tashi a Nijar ya kama dubban mutane, har aka rufe makarantu a Yamai. Da labarin ya iso gida, Inna ta tambaye ni: "Ba an yi muna allura ba? Ashe ƙarya ta?" A nan ma harshe ne ya yi tuntuɓe. A ɗakin gwaji na cibiyar CERMES, A da C da W da X abubuwa ne daban-daban. A gidanmu duka sanƙarau ne, kuma rigakafin sanƙarau ya kamata ya hana sanƙarau. Wanda bai sami bayanin bambancin da harshensa ba, yana da hujjar ya ce an yaudare shi. A 2024 Najeriya, sannan Nijar, suka fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Ita ma nasararta tana rataye ne a kan amincewar uwaye, amincewa kuwa da magana ake samun ta.

Ina ganin a nan akwai aikin da ya rataya a wuyanmu, mu masu nazarin harshe. Mun rubuta da yawa kan yadda Kurfayanci ke mayar da f zuwa h ko hw, da yadda yake cewa nai a inda daidaitacciyar Hausa ke cewa -nsa. Wannan ilimi ne mai daraja. Sai dai har yanzu muna buƙatar wanda zai zauna da ungozomomi da kakanni, daga Bonkuku zuwa Shikal, ya tattara kalmomin da suke siffanta jariri marar lafiya da su, ya tantance iyakar ma'anar kowace, ya miƙa wa masu bincike da masu shirya saƙon rediyo. Saƙon da ya tsaya ga cewa "ku kula da sanƙarau" ba zai ceci jariri ba. Dole ya ƙara da cewa: idan jinjiri ya yi zafi, ya ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura, a kai shi likita a ranar, ko da wuyansa yana juyawa.

Na fara nawa a hutun da ya wuce. Na zauna da Inna da littafi a hannu, na ce ta faɗa mini duk yadda ake cewa yaro ba shi da lafiya. Ta lissafo mini har hannuna ya gaji, sannan ta yi shiru, ta ce da ta san maɗiga ma tana nuna cutar, da a ranar farko ta ɗaure shi a baya ta kama hanya. Auta yana zaune a gefe yana gyaran igiyar guga. Ya zama saurayi yanzu, kuma shi da mutanen gidanmu sun ƙirƙiri maganar hannu tasu wadda ba a rubuce take ko'ina ba. Ya ɗaga kai ya tambaye ni da hannu abin da nake rubutawa. Na nuna bakin Inna, na nuna littafin. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da aikinsa.